Tufkar Hagu

Da safiyar Litinin aka wayi gari babu Tsohuwa. Tsoho yana nan tsaye cikin shingensa, ido a zazzare kamar kullum, amma a gefensa sai rami, ruwan ƙanƙara ya ɗan taru a ciki. Kwaɗon ƙofar shingen yana yashe a ƙasa, an yanke shi.

Abin kallo huɗu muke da shi a Baramgol, duk an zana su a allon bakin tasha: babbar itaciyar tsakiyar gari, gadar dutse, rumfar da malaman zamanin da kan zauna su sha iska, sai gumakan dutse biyun nan, Tsoho da Tsohuwa, masu tsaron ƙofar gari. Masu yawon buɗe ido sukan gama zagaye su kafin direbansu ya gama shan taba. Tsohuwa ce dai ake tsayawa a yi hoto da ita, saboda murmushinta na mai haƙori ɗaya. Tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba. Shekarun baya hukumar gunduma ta sa su cikin kayan tarihi, ta kewaye su da ƙarfe, ta yi musu rufi, ta hana a zuba musu giyar shinkafa ko a naɗa musu igiyar kara kamar yadda aka saba, wai danshi yana cin dutse. Muka ce to, tunda su suka gyara mana tasha.

Ni ce mai gari. Ba don na fi kowa hankali ba, don dai ni ce yarinya: shekarata sittin da shida, ina iya hawa matakalar ofishin gunduma ban zauna a tsakiya ba. Sunana Gil Mal-sun, amma Mai Gari ake ce mini, musamman in famfo ya lalace. Na kira 'yan sanda. Mutum ɗaya ya zo, mai ladabi, shi kaɗai yake da ƙauyukan kwarin nan duka. Ya ɗauki hoto, ya tambayi kyamarar tasha, na ce ta mutu tun guguwar kaka. Ya ce masu bincike za su zo bayan bikin cikar watan farko, kada kowa ya yi nisa.

Kafin tsakar rana zauren tsofaffi ya gama shari'a. A nan muke taruwa mu ci abinci duk lokacin sanyi, don ɗumama ɗaki ɗaya ya fi ɗumama ashirin sauƙi, kuma a nan ake yanke wa duk wanda ba ya nan hukunci. Baba Bang, wanda ya yi mai gari kafin ni kuma har yau bai yafe mini ba, shi ya fara kiran sunan: Seok Hyeon-u. Wa ke da mota mai ƙugiyar ɗaga kaya duk garin nan? Sawun tayar wa aka gani a gaban shingen? Wa ya zo daga birni, inda masu kuɗi ke ƙawata lambu da irin waɗannan duwatsu? Kowa ya gyaɗa kai aka ci gaba da ɓare kifi. Baba Ma kaɗai, kurman da ya gina rabin katangun gonakinmu, bai ji ko ɗaya ba, yana kusurwa yana cin gayan shinkafa.

Ni kuwa abincin bai wuce mini ba. Hyeon-u da matarsa Da-eun sun zo mana shekara biyu da suka wuce, suka gyara kangon da ke ƙasan gada, suka jera akwatunan zuma. Su kaɗai ne a garin ba su kai arba'in ba. Da-eun tana da ciki, watan haihuwarta ya kama, kuma rabon Baramgol da kukan jariri an fi shekara ashirin. Ni na sha wahalar jawo su. Na nema musu gidan, na yi zarya gunduma har aka ja musu ruwa, na hana tsofaffi leƙa musu tukunya. In suka tafi babu mai sake zuwa, sai mu zauna muna binne juna har na ƙarshe ya kashe fitila. Abin da ya hana ni cin abinci ke nan, ba dutse ba.

*

Shi ya sa na tafi wajen Pyo Dal-su. Tun yana saurayi yake bin sawun aladen daji. Yanzu gwiwoyinsa sun yi ritaya sun bar shi, yana zaune a bayan gari shi da wata tsohuwar karya. Na same shi yana gasa ƙafa a bakin murhu. Ya ce shi dabba ya iya bi, mutane a bar wa 'yan sanda, ai albashi suke ci. Na ce 'yan sanda sai bayan biki, kafin nan Bang ya gama korar mana yaran.

"Yaya, ban ce ka kama ɓarawo ba," na ce. "Ka duba mini ƙasa kawai."

"Ke tun kina yarinya ba ki taɓa zuwa gidan mutum da alheri ba," ya ce. Ya miƙa hannu ya jawo sandarsa.

A bakin shingen ya tsaya ya yi tsaki, don garin duka ya riga ya tattake wurin; duk wanda ke da ƙafa ya zo ya leƙa ramin, har da tsofaffin da ke tura keken jarirai fanko don dogarawa. Ya durƙusa da ƙyar, ya daɗe. Sawun tayar na Hyeon-u ne, ba musu. Amma ya ce motar da ta ɗauki dutse takan nutse wajen fita fiye da wajen shiga, wannan kuwa yadda ta zo haka ta tafi. Kuma mota mai ƙugiya ba ta ɗaga kaya sai ta kafa ƙafafunta biyu a ƙasa, ga shi babu gurbinsu ko'ina. Ya ɗauki kwaɗon ya juya. Ba inji ya yanke shi ba, zarton hannu ne, kuma mai yankan ya huta ya fi a ƙirga, don yankan ya karkace mataki-mataki. Daga bayan shingen ya gano siririn sawun amalanke, ya bi shi da sanda har ya hau kan titin siminti ya ɓace.

Na ji daɗi, na kai wa Bang labari da gudu irin nawa. Ya ce wane gida ne a Baramgol ba shi da amalanke? Ai wayon ke nan: a ajiye mota a sarari, a ɗauki kaya da amalanke. Mutanen birni sun fi mu sanin kan tsiya. Na koma gida na sha maganin ciwon baya.

*

Washegari muka je gidan Hyeon-u. Ya tare mu a tsakar gida, idanunsa jajur, ya kawo mana kofi a kofin takarda. Da-eun ba ta fito ba. Dal-su ya tambaye shi abin da ya kai motarsa bakin shinge, ya ce hanyar gidansu gangara ce, da asuba ƙanƙara takan daskare a kanta; tun da watan haihuwar ya kama yake kwantar da motar a tasha, daf da shingen, don in naƙuda ta taso kada taya ta riƙa zamewa. Ya ce ya gaya wa ɗan sandan haka, ya gaya wa duk wanda ya tambaye shi, amma babu wanda ya tambaye shi a garin nan. Kallo kawai ake bin sa da shi.

Ya ce shi zai iya daurewa. Da-eun ce ba ta barci. Kuma abin da ya fi ci mata rai ba Bang ba ne, 'Yar Gurye ce.

Matan da aka auro garin nan da sunan garinsu ake kiransu har su mutu. 'Yar Gurye ta haura tamanin, ta tanƙware kamar lauje, kuma ita ce maƙwabciyarsu. Ita ta koya wa Da-eun haɗa kimci, jiƙaƙƙen kabejinmu mai yaji, ita ta saya mata busasshen ganyen teku na miyar jego tun cikin yana wata biyar, kullum tana gidan tana ba ta umarnin da ba a tambaye ta ba. Yanzu, in ji Hyeon-u, in ta hango Da-eun sai ta tsallaka hanya. Da-eun ta gaishe ta ta kan katanga, ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

"Tun yaushe?" Dal-su ya tambaya.

"Ya kwana biyu, Baba. Tun kafin ma a ɗauke dutsen."

Dal-su ya shanye kofinsa. Ni kam ban ɗauki maganar da nauyi ba. Tsofaffinmu sukan yi fushi da mutum a kan abin da ya yi musu a mafarki.

*

Hankalina a kan Yeom yake, mai sayen tsohon ƙarfe, wanda ke shigowa da motarsa duk sati yana cika mana kunne da lasifika. Ya taɓa tsayawa gaban Tsohuwa ya ce irin wannan in ta shiga birni ba ta kwana a kasuwa. Na so ƙwarai a ce shi ne, don ba namu ba ne. Na ja Dal-su muka hau bas ɗin safe, yana mita tun daga tasha har gari. Muka tarar da Yeom a rumfarsa, ƙafa a karye, an ɗaure ta cikin farar ƙasar asibiti har cinya. Tun ranar sabuwar shekara ya zame a bakin wanka, motarsa ma tayoyinta sun sace. Ya yi mana dariya har da tari, ya ce in mun samu dutsen mu gaishe shi. Bas ɗin komawa sai yamma. Muka zauna a tasha muna cin dafaffen ƙwai.

Daga nan Dal-su ya taɓa Bang kansa, don kowa ya san ya yi rigima da gunduma a kan shingen nan, har ya rantse sai ya tumɓuke shi. Tambaya ɗaya ya yi masa, a ina yake da asubar Litinin. Bang ya tashi kamar zai haɗiye mu. Ya ɗaga riga ya nuna mana ɗinkin da aka yi masa a ciki, ya ce likita ya hana shi ɗaukar ko buhun taki, sannan ya ce wato ni, 'yar da aka haifa a gabansa, na fi yarda da baƙo a kan ɗan gari. Gaskiya ya faɗa game da ɗinkin. Abin da muka samu a wannan tambayar shi ne mun ƙara masa wuta.

Da yamma ya ɗauki tsofaffi biyu suka tafi gidan Hyeon-u, wai za su duba rumbun kayan zuma. Ba su nemi izini ba. Da-eun ita kaɗai ce a gida, ta tsaya a baranda riƙe da ciki tana kallon dattawan da take yi wa gaisuwar safe suna ɗaɗɗaga mata buhuna. Ba su sami komai ba, kuma ba su ba da haƙuri ba.

Kashegari uwarta ta zo daga birni da mota. Na tsaya a ƙofar gidan ina ta magana, ban san ma me nake cewa ba: za a gano gaskiya, tsofaffi ne, a yi haƙuri. Uwar ba ta ko dube ni ba. Da-eun ta sauke gilashi, fuskarta duk ta kumbura.

"Mai Gari, na san kun yi ƙoƙari," ta ce. "Na gaji ne kawai."

Hyeon-u ya bi su. Ya ce zai dawo ranar biki, tunda an ce kada a yi nisa. Na koma gida na zauna da rigar sanyi a jikina har ɗakin ya yi duhu. Ban yi kuka ba, ƙarfin ma babu.

*

Dal-su bai daina ba, ko da yake kullum sai ya ce ya daina. Tunda siminti ba ya riƙe sawu, sai ya riƙa bin gefen titin, yana duba duk inda amalanke zai iya sauka ya shiga ƙasa. Rabin gari yake yi a yini, ya zauna a kan dutse ya zagi gwiwoyinsa, ya tashi. Da safiyar ranar biki, ina tsaka da dafa shinkafa mai hatsi biyar, ya leƙo madafar zaure ya ce in bar wa wata ludayin in zo.

Ƙasan gada ya kai ni, gefen gidan Hyeon-u. Akwai ɗan fili a nan inda yaron ya dasa 'yan itatuwan kanya, ya naɗe su da karan shinkafa saboda sanyi, kamar yadda kowa ke yi. Dal-su ya nuna mini sawun amalanke ya sauko daga titi, ya nutse sosai wajen shiga, wajen fita kuwa da ƙyar ake ganinsa. Sannan ya nuna na ƙarshe a jerin. Ya fi sauran kauri, kuma babu reshe ko ɗaya da ya leƙo ta samansa. Bang da mutanensa ta gabansa suka wuce, ni ma ta gabansa na tsaya ina roƙon Da-eun. Ya sa sanda ya ɗaga hular karan da aka kifa a kai, sai ga murmushin nan mai haƙori ɗaya, yana fuskantar ƙofar gidan.

Ga Tsohuwa a wajen Hyeon-u. A filinsa, cikin itatuwansa, jifa ɗaya da ƙofarsa. Na ce shi ke nan, Bang ya ci gari. Ko ba shi ya yi ba, wa zai yarda? Har na fara tunanin mu mayar da hular mu yi kamar ba mu gani ba.

"Idonki ya mutu ne, Mai Gari? Dubi igiyar."

Na duba. Itatuwan yaron da igiyar leda aka ɗaure su, shuɗiya, ta kanti. Tsohuwa kuwa sabuwar igiyar kara aka naɗa mata, tun daga ƙafa har wuya, zagaye a kan zagaye, babu inda dutse ya fito. Dal-su ya kamo bakin igiyar ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce in ga ta inda aka murza. Tufkar hagu ce.

Duk wanda aka haifa a kwarin nan ya san bambancin. Igiyar ɗaure kaya ta ɓangaren dama ake tufka ta. Ta hagu ba a yin ta don aiki. Ita ake ratayawa a ƙofar gidan da aka haihu, ita ake ɗaura wa babbar itaciya, da ita ake yi wa Tsohuwa sutura. Hyeon-u ko ta dama bai iya ba, na ga yadda ya yi fama da ita bara har mata suka yi masa dariya. Kuma ɓarawo yakan rufe kaya ne don ya ɓoye. Wannan ba rufewa aka yi ba, tufatar da ita aka yi, yadda iyayenmu suke yi.

Dal-su ya zauna a kan kunya, ya miƙe ƙafa. Ya ce ai na san sharaɗin: mai tufka irin wannan igiya ba ya cin nama ko kifi, da ruwan sanyi yake wanka, ba ya shiga gidan da ake jiran haihuwa, kuma ba ya buɗe baki a kan aikin sai buƙata ta biya.

"Ke kike rabon abinci," ya ce. "Wa ya daina cin nama?"

Nan da nan na tuna. Baba Ma da gayan shinkafarsa. Da kuma wadda ta yi kwanaki tana turo mini kwanon miyar kaza tana cewa haƙori, alhali haƙoran nata na roba ne. Ni ma na nemi wuri na zauna.

*

Da rana kowa ya hallara a zaure, don ranar biki ko mai jinya sai an kawo shi. An jera shinkafa da ganye iri-iri da gasasshen nama. Hyeon-u ya iso muna shirin fara ci. Bai zauna a tebur ba, ya durƙusa a bakin ƙofa da rigar sanyinsa, kamar wanda ya zo biyan gaisuwar mutuwa. Bang ya ce wa na kusa da shi, da muryar da kowa zai ji, wasu dai ba su da kunya.

Dal-su bai iya jawabi ba. Ya ce an ga Tsohuwa, tana filin Hyeon-u. Zauren ya ɗauki hayaniya, Bang har ya fara miƙewa. Sai Dal-su ya ciro guntun igiyar daga aljihu ya ajiye a tsakiyar tebur, tsakanin kwanuka, ya ce da wannan aka naɗe ta daga ƙafa har wuya, kowa ya duba da kyau. Hayaniyar ta mutu da kaɗan-kaɗan, daga ɓangaren mata ta fara. Bang ya ɗauka ya juya, ya ajiye, ya koma ya zauna.

Dal-su ya dubi 'Yar Gurye. Tana can ƙarshen tebur, hannuwanta a ɓoye ƙarƙashin zani, gabanta shinkafa da ganye kawai.

"Iya, ku nuna mana hannunku."

Ba ta motsa ba. Matar da ke gefenta ta kamo hannun a hankali ta buɗe. Tafin duk ya tsattsage, wani wurin ya yi ɓawo, wani wurin yana ɗanye. Igiyar da za ta naɗe Tsohuwa aikin gari guda ce a da. Ita kaɗai ta tufka ta, a ɗaki, da hannun da ba ya iya buɗe kwalba. Aka yi ta tambayarta, ta kafe idonta a kan kwanonta ta yi gum.

Baba Ma ne ya fasa ƙwan. Sai a lokacin ya hango igiyar, ya kuma ga inda idanu suka nufa, ya yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Ai na gaya mata mu kai ta bayan gora. Ta ce a'a, sai inda za ta riƙa kallon ƙofar mai ciki. Ta ce za a haihu a garin nan Tsohuwa tana tsirara a cikin keji? Ni dai turawa na yi. Bayana har yau bai dawo ba."

Babu wanda ya yi dariya. Tsofaffin matan sun riga sun gane, don dukansu an yi wa Tsohuwa sutura lokacin da suke da ciki, kuma kowacce ta san waɗanda ba su tashi daga gadon haihuwa ba a zamanin da asibiti yake bayan tsauni. 'Yar Gurye kanta ta binne biyu kafin ta samu mai zama. Ta tsallaka hanya ne don kada ta ɓata aikin. Ta ji ana kiran yaron ɓarawo a kan wannan tebur kullum, ta ga su Bang sun shiga gidan, ta ga motar uwar ta zo ta tafi, duk ta haɗiye, don in ta yi magana kafin a sauka lafiya, wahalar ta tashi a banza. Na ji haushinta kamar in shaƙe ta, na kuma ji tausayinta.

Bang ya yi gyaran murya ya ce wa bango, to, ai zato ne, kowa yana iya kuskure. Hyeon-u bai dube shi ba. 'Yar Gurye yake kallo.

"Kaka, kuna zaune kuna ji," ya ce. "Kalma ɗaya ta ishe mu. Da-eun ta ɗauka kun tsane ta."

Ta ƙara sunkuyar da kai. Ya jira, ba ta ce komai ba. Sai ya sauke numfashi ya ce mana, tunda dai an taru, Da-eun ta haihu jiya da safe. Mace ce.

'Yar Gurye ta ɗago. Muryarta ta dushe saboda rashin amfani.

"Ta sauka lafiya?"

"Lafiya lau."

"Jaririyar fa? Ta yi kuka da ƙarfi?"

"Har waje ana ji."

"To," ta ce, "Tsohuwa ta yi aikinta." Fuskarta ta saki gaba ɗaya, ta yi wani murmushi da ban taɓa gani a wajenta ba. Magana ta ɓalle mata kamar an buɗe madatsa: a gaya wa Da-eun kada ta sha ruwan sanyi, ganyen tekun yana saman kabad na hagu, ɗakin a ɗumama shi tun kwana ɗaya kafin su iso, ita za ta zo ta yi wa yarinyar wankan farko da kanta, yanzu ai babu abin da ya hana ta shiga gidan. "Yaushe za a kawo mini ita?"

Hyeon-u ya juyo. Ya dube ni, ni kuma na riga na gani a fuskarsa.

"Ba za a kawo ta ba, Kaka. Da-eun ta ce ba za ta iya renon 'ya a inda aka ɗaga mata buhuna ba. Na roƙe ta, ta ƙi, kuma ban ga laifinta ba. Akwatunan zuma na zo kwashewa."

Ya miƙe, ya rusuna mana gaba ɗaya yadda ya kamata, ya fita ya sa takalminsa. Ban bi shi ba. Dal-su ya ɗauki guntun igiyar ya mayar aljihu. 'Yar Gurye ta juya ga matar da ke gefenta ta tambaye ta me yaron ya ce, wai ba ta ji sosai ba, kuma duk zauren aka rasa wanda zai maimaita mata.